Selman Waksman Da Maganin Da Aka Tono Daga Cikin Ƙasa

  Kwamitin mujalla ya nemi in rubuta tarihin wani shahararren mutum daga fannin da nake cin abinci a ciki, wato aikin ɗakin gwaje-gwaje. Ban yi dogon tunani ba, domin akwai wani suna da ya daɗe yana bi na tun muna aji huɗu. Waɗanda muka yi Bayoloji tare za su tuna ranar da Malam ya rubuta mana a allo cewa Fleming ne ya gano penisilin, Waksman kuma ya gano sitireptomaisin. Muka haddace, muka zuba a jarrabawa, muka wuce abinmu. Sai da na shekara fiye da ashirin ina aiki da ƙasa da faranti kafin na san cewa layi na biyu na rubutun nan yana da magana a cikinsa.

Bari in fara da abin da kowa ya sani. Idan ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, akwai wani ƙamshi da ke tashi, wanda a nan Panshekara inda nake zaune har yakan danne warin masana'antun fata na ɗan lokaci. Wannan ƙamshi ba na ruwan ba ne. Wasu ƙananan halittu ne da ke cikin ƙasa suke yin sa, waɗanda ake kira Streptomyces, daga dangin bakteriyar da ake ce wa aktinomaisit. Sinadarin ƙamshin sunansa jiyosmin, kuma a shekarar 1965 aka ware shi aka raɗa masa suna, a cibiyar binciken da Waksman ya kafa. To, waɗannan halittu masu ƙamshin damina su ne mutumin nan ya ƙarar da rayuwarsa a kansu.

An haifi Selman Abraham Waksman ran 22 ga Yuli, 1888, a wani ƙaramin gari mai suna Priluka, a cikin daular Rasha ta wancan zamani, yanzu kuwa wurin yana ƙasar Yukren. Iyayensa Yahudawa ne masu ƙaramin ƙarfi, yankin kuma na baƙar ƙasa ne mai albarkar noma. Yana yaro ƙanwarsa ta mutu da ciwon mashaƙo, cutar nan da ta sake addabar mu a Kano cikin 2023. A lokacin hukuma ta ƙayyade yawan Yahudawan da za a ɗauka a manyan makarantu, saboda haka yawancin karatunsa a wajen malamai masu zaman kansu ya yi shi, sannan ya je birnin Odessa ya zauna jarrabawar gama sakandare a 1910 a matsayin ɗalibin waje. Ya ci, amma mahaifiyarsa ta riga ta mutu, ƙofar jami'a kuma a ƙuntace take. Sai ya shiga jirgin ruwa ya nufi Amurka a ƙarshen shekarar, ya sauka wajen 'yan'uwansa masu ƙaramar gona a jihar New Jersey, yana taya su aikin gona da kiwon kaji.

Da farko likitanci ya so ya karanta. Amma kusa da gonar akwai kwalejin Rutgers, a can kuma akwai wani masanin ƙasa mai suna Jacob Lipman, shi ma daga daular Rasha iyayensa suka kawo shi. Lipman ne ya shawo kansa ya shiga sashen aikin gona a 1911. Ya sami digirin farko a 1915, na biyu a 1916, a shekarar kuma ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya auri Deborah Mitnik, 'yar garinsu. Daga nan ya tafi Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yi digirin digirgir a 1918, ya komo Rutgers, inda ya zauna har ya yi ritaya.

Aikin da aka ba shi a shekararsa ta ƙarshe ta digirin farko shi ne ya haƙa ramuka a gonar kwaleji, ya riƙa ɗibar ƙasa daga zurfi daban-daban yana ƙirga bakteriyar da ke ciki. A nan ina so in ɗan tsaya, domin wanda bai san yadda ake wannan aiki ba ba zai fahimci sauran labarin ba, kuma yadda ya yi shi fiye da shekara ɗari da suka wuce kusan haka muke yin sa har gobe.

Idan na je bakin lambun da ake shayarwa da ruwan da ya biyo ta unguwar masana'antu ta Challawa, nakan share saman ƙasar, in ɗiba daga zurfin kamar taƙi ɗaya da cokalin da aka kashe ƙwayoyin jikinsa, in zuba a leda mai tsabta, in rubuta wuri da rana. A ɗakin gwaji sai in auna giram 1 in zuba cikin mililita 9 na ruwan da aka dafa a tukunyar tururi, in girgiza sosai. In ɗebi mililita 1 daga wannan in zuba cikin wata kwalba mai mililita 9, daga ita kuma zuwa ta gaba, har kwalba shida. Kowace kwalba ta fi wadda ta gabace ta tsinkewa sau goma, ta shida ke nan ta zama kashi ɗaya cikin miliyan. Dalilin wannan wahala shi ne giram ɗaya na ƙasar noma yana iya ɗaukar bakteriya ɗaruruwan miliyoyi, in ka shuka shi kai tsaye ba abin da za ka gani sai cunkoso. Daga kwalaben ƙarshe ake ɗiga kaɗan a kan farantin gilas mai murfi, wanda aka zuba wa abincin ƙwayoyi haɗe da aga, wani abu da ake samu daga ciyawar teku mai daskarewa kamar kunun da ya kwana. A baza, a rufe, a kife a akwatin ɗumi a wajen digiri 28 zuwa 30.

Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ɗige-ɗige su fito, kowane ɗigo zuriyar ƙwaya guda ce ko 'yan kaɗan da suka hayayyafa har ido ya iya ganinsu. Wani fari ne mai santsi, wani rawaya, wani ya bazu kamar saiwa. Sai ka ƙona waya mai ɗan zobe a kai har ta yi ja, ka bari ta huce, ka taɓo ɗigo ɗaya ka zizara a sabon faranti, ka maimaita har ka tabbata iri ɗaya ne tak ya rage. Wannan shi ne warewa. Ganewa kuma wani aiki ne dabam. Ana shafa ƙwayar a gilas a yi mata rinin da wani likita ɗan Denmak mai suna Gram ya ƙirƙiro a 1884, a duba a madubin likita: wadda ta riƙe shuɗin rinin jinsi ɗaya ce, wadda ta sake shi ta koma ja-ja wani jinsin ce. A duba siffarta, ko sanda ce ko ƙwallo ko zare. A gwada irin sukarin da take ci, a ɗiga mata wani ruwa a ga ko za ta yi kumfa. Yanzu akwai hanyar karanta ƙwayar gadonta wadda ta fi duk waɗannan tabbas, sai dai tsada, kuma sau da yawa sai an aika da samfurin wani wuri. Abin da ya kamata mai wannan aiki ya riƙe a ransa shi ne mafi yawan bakteriyar ƙasa, fiye da 90 cikin 100, ba sa yarda su tsiro a farantinmu ko kaɗan.

To, a cikin farantan Waksman akwai wasu ɗige-ɗige da ba sa fitowa sai bayan mako guda ko fiye, busassu kamar garin alli, manne da aga ƙam, in an duba su a madubi sai a ga zare-zare kamar funfuna alhali bakteriya ne. Masana na lokacin ba su damu da su ba sosai. Shi kuwa sai ya ɗauke su sana'a. Ya yi ta siffanta su yana ba su suna, kuma cikin waɗanda ya siffanta tun yana ɗalibi akwai wata mai launin toka da ake kira griseus. Ku riƙe wannan suna.

Shekaru ashirin da suka biyo baya ba na neman magani ba ne. Malamin aikin gona ne kawai, mai binciken yadda ganye da kara da taki ke ruɓewa su zama abincin shuka. A 1924 ya zaga Turai ya gana da manyan fannin, har da Sergei Winogradsky. A 1927 ya fitar da littafinsa kan ƙananan halittun ƙasa mai kusan shafi 900, a 1930 ya zama farfesa, a 1936 ya fitar da wani littafin a kan ruɓaɓɓen taki. Abin mamaki, a 1932 an ba shi kuɗi ya binciki abin da ke faruwa da ƙwayar tarin fuka idan ta faɗa cikin ƙasa. Binciken ya nuna cewa ba ta daɗewa, wasu halittun ƙasar suna gamawa da ita. Aka rubuta rahoto aka ajiye. Ni a ganina wannan ita ce babbar damar da ta wuce shi, kuma dalili shi ne tunaninsa na gona ne ba na asibiti ba.

Wanda ya farkar da shi tsohon ɗalibinsa ne, René Dubos, Bafaranshe, wanda a 1939 ya ware wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta daga wata bakteriyar ƙasa. Ga kuma yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, ana ta neman maganin raunuka. Sai Waksman ya juya akalar ɗakin gwajinsa gaba ɗaya. Bambancinsa da Fleming a nan yake: Fleming dace ya yi a 1928, funfuna ta faɗo masa a faranti. Waksman kuwa tsari ya kafa. A ware halittun ƙasa dubbai, a zizara kowace a tsakiyar faranti, a bar ta ta girma, sannan a zizaro ƙwayoyin cuta daga gefe su nufo ta. Inda aka ga ƙwayar cuta ta tsaya nesa, an bar fili fayau tsakaninsu, to akwai wani abu da halittar ƙasar ke fitarwa. Shi ne kuma ya yaɗa kalmar antibayotik da ma'anar da muka san ta a yau. A 1940 shi da ɗalibinsa Boyd Woodruff suka samo aktinomaisin, sai ya zamana yana kashe dabbar gwaji tare da cutar. A 1942 suka samo wani, sitireptotirisin, ya yi kamar zai yi, ashe yana lalata ƙoda bayan kwanaki.

A tsakiyar 1943 wani saurayi mai shekara 23, Albert Schatz, ya komo daga aikin soja a wani asibiti, ya ci gaba da karatun digirin digirgir a ƙarƙashin Waksman, ana biyansa dala 40 a wata. Ya ce zai nemi abin da zai kashe ƙwayar tarin fuka. Da yake ƙwayar tana da haɗari, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka ajiye shi da ita, ofishin Waksman kuwa yana hawa na uku. Cikin watanni kaɗan, yana kwana a wurin wani lokaci, ya ware iri biyu na Streptomyces griseus, ɗaya daga ƙasar gonar da ta sha taki, ɗaya daga farantin da wata abokiyar karatunsa ta shuka da abin da ta shafo daga maƙogwaron kaza. Ran 19 ga Oktoba, 1943 ya tabbata yana da sabon abu a hannu. Aka buga sakamakon a Janairun 1944 da sunaye uku: Schatz a gaba, sai Elizabeth Bugie, sai Waksman.

Daga nan aikin ya fi ƙarfin ɗalibi, kuma a nan ne girman Waksman ya yi amfani. Shi ya haɗa kai da likitoci biyu na asibitin Mayo, William Feldman da Corwin Hinshaw, suka gwada maganin a kan ɓerayen Masar, sannan a Nuwamban 1944 a kan wata budurwa da tarin ya kusa kashewa, ta kuwa tashi. Kamfanin Merck ya gano yadda za a yi shi da yawa, Waksman kuma ya roƙi kamfanin ya saki haƙƙin da yake da shi na yin maganin shi kaɗai, domin wasu kamfanoni su shigo farashi ya sauko, kamfanin ya yarda. A Ingila aka yi gwajin da aka buga a 1948, wanda har yau ake koyar da shi a makarantun likitanci saboda ƙuri'a aka yi wajen raba majinyata: cikin 55 da aka yi wa allurar 4 suka mutu a wata shida, cikin 52 da aka ba hutun gado kawai 14 suka mutu. Gwajin ya kuma nuna aibin maganin, wato ƙwayar takan saba da shi da sauri. Wannan ne ya sa aka koma haɗa shi da wasu magunguna, musamman bayan fitowar isoniyazid a 1952.

Ni na ga wannan magani da idona kafin in san sunansa. Ina firamare kawuna ya kamu da tarin fuka, ya rame har ana ɗaga shi, an ware masa kwano da moɗa, mutane sun fara yi wa gidan kallon gidan makoki. Wata biyu cur ana yi masa allura kullum safiya, ga ƙwayoyi na kusan shekara. Ya warke, ya koma kasuwarsa, ya aurar da 'ya'yansa. Amma daga lokacin sai an ɗaga murya yake ji, kuma in dare ya yi yakan yi tangaɗi kamar mai jiri. Da na girma na karanta sai na gane cewa maganin yana taɓa jijiyar kunne, wadda ke kula da ji da kuma daidaiton tafiya. Saboda irin wannan da kuma samuwar waɗanda suka fi shi, yanzu an cire shi daga jerin magungunan farko na tarin fuka. Amma wanda ya gaje shi, rifampisin, shi ma asalinsa daga ƙasa ne, wadda aka ɗebo a kudancin Faransa a 1957. Haka kuloramfenikol daga ƙasar Benezuwela, haka maganin nan Mectizan da ake rabawa a ƙauyukanmu don makantar bakin rafi, asalinsa wata Streptomyces ce daga ƙasar Japan. Duk hanyar Waksman aka bi.

Yanzu ga maganar da na ce tana cikin rubutun allo. A 1946 Waksman ya sa Schatz ya sa hannu ya miƙa haƙƙinsa na mallakar maganin ga wata gidauniya ta Rutgers, bisa fahimtar cewa ba wanda zai ci riba a cikinsu. Sunan Bugie ma bai shiga takardar mallakar ba. Daga baya Schatz ya gano cewa akwai yarjejeniyar da ke ba malaminsa kashi 20 cikin 100 na kuɗin da ke shigowa, ga shi kuma 'yan jarida sun daina ambatonsa, Waksman bai gyara musu ba. A Maris na 1950 ya maka malaminsa a kotu. Aka sasanta a Disamba: aka amince a rubuce cewa tare suka gano maganin, aka ba Schatz kashi 3 da dala 125,000, Waksman ya koma kashi 10, aka raba kashi 7 ga sauran ma'aikatan ɗakin gwajin. Schatz ya ci shari'a amma ya rasa kasuwa, domin manyan jami'o'in Amurka sun guji ɗalibin da ya kai malaminsa ƙara, har ya je ya yi koyarwa a ƙasar Chile na wasu shekaru. A 1952 aka ba Waksman lambar Nobel shi kaɗai.

Na san a cikin masu karanta wannan akwai malamanmu, kuma mu tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya ja da malaminsa ba, balle a gaban alƙali. Ina kuma ganin hujjar Waksman tana da ƙarfi: shekara 28 yana nazarin waɗannan halittu kafin Schatz ya taɓa farantin, hanyar tasa ce, ɗakin nasa ne, kuma da ba don sunansa ba da maganin ya tsaya a takarda. Rabin rabonsa ma bai ci ba, ya kafa gidauniyar tallafa wa bincike da shi, kuɗin maganin kuma su suka gina Cibiyar Nazarin Ƙananan Halittu ta Rutgers da aka buɗe a 1954. Duk da haka ban ga abin da zai rage masa ba da ya faɗi sunan yaron nan a duk inda aka tambaye shi, kuma ɓoye maganar kuɗin ba ta da kyau ko ta wace fuska aka duba.

Ba na faɗin haka da bakin mai tsarki. Shekarun baya an turo mana wata ɗaliba don sanin makamar aiki, na sa ta ɗebo ƙasa daga wuraren da ruwan jima ke kwarara a Challawa da Sharada da Bompai, muna neman bakteriyar da ke jure sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi, da fatan wata rana a yi amfani da irinsu wajen tsabtace wurin. Wata huɗu tana tsinka ƙasa tana zizara faranti, in wuta ta ɗauke akwatin ɗumi ya huce ta sake daga farko. Da na zo rubuta rahoto sai na sa sunana da na shugabana, ita kuwa na yi mata godiya a layin ƙarshe. Ban ji na yi wani laifi ba, don haka aka yi mini ni ma. Sai da na karanta labarin Schatz na koma na nemi a gyara, aka ce rahoto ya riga ya tafi. Ta yi aure ta bar garin, ban sake ganinta ba.

Waksman ya yi ritaya a 1958, ya ci gaba da rubuce-rubuce, har da tarihin Winogradsky da ya riga ya fitar a 1953 da na rayuwarsa a 1954. Ɗakin gwajinsa ya samar da magunguna fiye da goma, ciki har da niyomaisin na 1949 wanda har yanzu yana cikin man shafawa da maganin ɗigawa a ido da kunne, aktinomaisin ɗin nan mai dafi kuma daga baya ya zama maganin wata sankarar ƙoda ta yara. Ya mutu ran 16 ga Agusta, 1973 yana da shekara 85, aka binne shi a Woods Hole, garin bakin teku inda ya taɓa kafa sashen nazarin bakteriyar ruwa. A 1994 Jami'ar Rutgers ta kira Schatz ta ba shi babbar lambarta ta girmamawa, yana da shekara 74. Ya mutu a 2005. An kuma samo littattafan aikinsa na 1943 a ma'ajiyar jami'ar, da rubutun hannunsa, cikin wani kwali na takardun Waksman, aka ba da labarinsu a wani littafi da ya fito a 2012.

In Allah Ya kai mu taron shekara, na yi wa shugaban ƙungiya alkawarin zuwa da faranti shida da na shuka da ƙasar filin ƙwallonmu, ta bayan ɗakin cin abinci, da ta gindin bishiyar da ake yi mana horo, domin 'yan aji biyar da shida su gani. Za su zo a liƙe da salatif, kuma ina roƙon kada kowa ya buɗe don ya sansana, ko da tsohon shugaban ɗalibai ne. Wanda ke da tsohuwar tukunyar tururi ta girki da ba ya amfani da ita ya taimaka ya zo da ita, tana iya aikin kashe ƙwayoyi a ɗakin gwajin makaranta kafin a sami ta gaske.